Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan Ilimi Na Jihar Kano: A Tambayi Yaranmu Yadda Suke Ji Da Littafi

Mai Girma Kwamishina,

 

Ni malamin Hausa ne a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati, kafin nan kuma na daɗe ina riƙe da alli a firamare. Na rubuto maka a fili ne domin maganar ta shafi iyaye da malamai da marubuta kamar yadda ta shafi ofishinka, ina so su ma su ji. Buƙatata guda ce. A cikin abubuwan da muke aunawa a makarantun jihar nan, a shigar da auna yadda yaranmu suke ji game da karatun littafi, da irin abin da yake ba su sha'awa su karanta, da abin da yake zaburar da su ko yake kashe musu gwiwa.

Ranka ya daɗe, a harkar makaranta ba a bar mu a baya ba wajen ƙidaya. Kowace shekara ana rubuta yawan ɗalibai maza da mata, da kujeru, da azuzuwan da iska ta yaye wa rufi, da makewayi, da malaman da ke da NCE da waɗanda ba su da ita. Ga sakamakon jarrabawar ƙarshen zango, ga na kwalifayin, ga na NECO da WAEC. Ban raina ko ɗaya ba, balle yanzu da gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi tun watan Yunin 2024, take kuma ware wa fannin wajen kashi 30 cikin 100 na kasafin kuɗi. Wanda zai kashe dukiya irin wannan dole ne ya san alƙalumansa. Sai dai duk cikin alƙaluman nan babu wanda zai gaya maka ko yaro ɗan aji biyar, idan aka tashi daga makaranta kuma ba wanda ya tsare shi da bulala, zai miƙa hannu ya ɗauki littafi don ra'ayin kansa.

A ɓangaren iya karatu kam an yi awo, abin da aka gani kuma ya tayar wa kowa hankali. A 2011 da 2013 an shiga makarantun Bauchi da Sakkwato da gwajin nan da ake kira EGRA, inda ake zaunar da yaro shi kaɗai, a ba shi haruffa da kalmomi da ɗan gajeren labari da Hausa, a ga abin da zai iya karantawa cikin minti guda. Mafi yawan yaran ƙananan azuzuwa ba su iya fitar da ko kalma ɗaya daga labarin ba. Daga nan aka samu shirye-shirye irin su Mu Karanta a waɗannan jihohi biyu, da RANA a Katsina da Zamfara. Mu a nan Kano mun ga shirin ESSPIN, daga baya shirin PLANE. Binciken gida-gida na MICS, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021, ya nuna wajen kashi 27 cikin 100 ne kacal na yaran Nijeriya 'yan shekara 7 zuwa 14 suke da tushen iya karatu. Bankin Duniya kuma a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kashi 89 cikin 100 na 'yan shekara goma ba sa iya karanta ɗan rubutu mai sauƙi su gane abin da ya ƙunsa.

Duk wannan awo tamkar duba haƙoran yaro ne a ga ko za su iya tauna, ba a tambayi ko yana marmarin abincin ba. Mai haƙora da ba ya son ci ramewa zai yi. Karatu da yawan yi yake nuna, ajin da ke da yara sama da ɗari kuwa, kamar yadda muke da su birjik a cikin birni, yaro zai iya shafe mako bai samu an ce ya karanta layi biyu a ji ba. Ashe ke nan, in zai ƙware, mafi yawan karatun a wajen aji zai yi shi, a zaure, ko a gindin bishiya, ko a ɗakin mahaifiyarsa bayan sallar isha'i. A can ba malami, ba maki. Abin da zai sa shi ya buɗe littafi a irin wannan wuri shi ne nake roƙon a auna.

Masana sun daɗe da lissafa girman abin da ke faruwa a wajen aji. Wani bincike da Anderson da Wilson da Fielding suka wallafa a Amurka a 1988 ya bi 'yan aji biyar yana rubuta yadda suke cinye lokacinsu bayan an tashi. Yaron da yake karanta littafi wajen minti 20 a rana yana haɗuwa da kalmomi kusan miliyan biyu a shekara, mai yin ƙasa da minti 5 kuwa bai kai 300,000 ba. Shekara biyu kafin nan, Keith Stanovich ya bayyana yadda tazarar take buɗewa: wanda ya fara da ɗan sauƙi yana jin daɗi, sai ya ƙara karantawa, sai ya ƙara iyawa. Wanda ya fara da tuntuɓe yana gudun littafi, gudun kuma yana ƙara masa tuntuɓen. Kafin su kai sakandare sai ka rantse ba aji ɗaya suka zauna ba. A Birtaniya, Alice Sullivan da Matt Brown sun bi sawun mutanen da aka haifa a 1970, suka fitar a 2013 cewa waɗanda suke karatu don nishaɗi tsakanin shekara 10 da 16 sun fi takwarorinsu ci gaba a sanin kalmomi da rubuta su daidai, har ma da lissafi.

Yallaɓai, bari in kawo maka maganar cikin aji, inda na fi sani. A kowane aji na koyar ina samun yaran da makinsu na jarrabawa ɗaya ne, a ce 55, amma ciwonsu daban-daban. Akwai wanda ya iya karatu sarai, baki ba ya sarƙe masa, amma littafi a wurinsa aikin dole ne. Ranar da aka gama jarrabawa ranar ya rabu da shi, wani ma har ya kai wa mai ƙosai takardun. Akwai wanda ransa yana so, ka gan shi yana leƙa littafin na kusa da shi, amma tun ranar da ya yi in-ina a gaban aji aka bushe masa da dariya ya ɗaure wa kansa cewa shi daƙiƙi ne. Da ka ce wa zai karanta mana, sai ya sunkuyar da kai yana wasa da biro. Akwai yarinyar da a aji kamar ba ta nan, amma a gida ta cinye labari mai babi sittin a wayar yayarta cikin kwana uku, za ta kuma zayyana maka shi tiryan-tiryan. Akwai yaron da bai taɓa gama littafin adabin da aka wajabta masa ba, amma duk wani labarin ƙwallo da aka rubuta da Hausa a intanet ya karanta, tarihin yaƙoƙin sahabbai kuma yana kansa. Takardar sakamako ta haɗa su duka a layi ɗaya. Na farko yana buƙatar a haɗa shi da littafin da zai kama zuciyarsa. Na biyu yana buƙatar a koma da shi kan gaɓoɓi a keɓe, a dawo masa da yarda da kansa. Na uku da na huɗu makaranta ce ya kamata ta san da karatunsu, ta gina a kansa. Malamin da bai tambaya ba, magani ɗaya zai ba su duka: ku je ku yi karatu.

Hanyar tambayar ba sabuwa ba ce, ba kuma mai tsada ba. A 1990 Michael McKenna da Dennis Kear suka tsara wa 'yan firamare takarda mai tambayoyi 20, goma a kan karatun nishaɗi, goma a kan karatun makaranta. A ƙarƙashin kowace tambaya akwai zanen wata mage ta wasan yara a yanayi huɗu, daga mai tsananin murna zuwa mai ɓacin rai, yaro ya zagaye wanda ya yi daidai da abin da yake ji. Malami ne yake karanta tambayoyin da ƙarfi, saboda haka ko wanda bai iya karatu ba zai amsa. Da suka gwada ta a kan yara sama da 18,000 a faɗin Amurka, sakamakon da aka wallafa a 1995 ya nuna abin da ya kamata ya tsaya wa kowane mai riƙe da ilimi a rai: yara suna shiga aji ɗaya da son karatu, son yana raguwa aji bayan aji har zuwa aji shida, kuma ya fi zubewa a wurin masu raunin karatu. A 1996 Linda Gambrell da abokan aikinta suka fito da wata, wadda take raba abu biyu, wato yadda yaro yake kallon kansa a matsayin mai karatu, da darajar da yake ba karatun, suka kuma haɗa ta da 'yar hira ta baki da baki. Gwajin PIRLS na ƙasa da ƙasa, wanda ake yi wa 'yan aji huɗu duk shekara biyar tun 2001, kuma Afirka ta Kudu da Maroko da Masar suke shiga, ba ya tsayawa a kan iyawa, yana tambayar yaro ko yana son karatu da kuma ko ya yarda da kansa. Wata ƙungiyar yaɗa karatu a Birtaniya tana yin irin wannan tambaya tun 2005. Shi ya sa a 2024, da ta ga kashi 34.6 cikin 100 ne kawai na 'yan shekara 8 zuwa 18 suka ce suna jin daɗin karatu a lokacin hutunsu, ta iya cewa ba a taɓa faɗuwa haka ba tun da aka fara, aka kuma yi ta muhawara a ƙasar. Sun san sun faɗi ne domin suna da abin da za su gwada da shi. Mu ko mun hau ko mun sauka, sai dai kowa ya faɗi abin da ya ga dama.

Kuma ana faɗa. Kullum sai ka ji an ce yaran yanzu ba sa son karatu, waya ta lalata su, Bahaushe ba ya karatu. Ni ban yarda da wannan hukunci ba, domin tarihin garin nan ya ƙaryata shi. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 Kano ta zama cibiyar wani adabi da ba gwamnati ce ta kafa shi ba, ba kuma manhaja ce ta wajabta shi ba. Balaraba Ramat Yakubu, da Ado Ahmad Gidan Dabino, da Bala Anas Babinlata, da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, da ɗaruruwan irinsu sun yi ta rubutu, mutane suna saye da kuɗin aljihunsu. Unguwa-unguwa aka buɗe shagunan hayar littattafai, littafi ɗaya ya zaga gida goma har bangonsa ya fita. Mata da yawa da aka cire daga makaranta tun suna firamare, da waɗannan littattafai suka riƙe karatunsu na boko bai gudu ba. A 2007 har ƙona irin waɗannan littattafai aka yi a wata makarantar 'yan mata a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Damuwar da ta jawo hakan ta tarbiyya ce, kuma ni uba ne, na san akwai littattafan da ba zan so in gani a hannun 'yata ba. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ɗaliban da ake cewa ba sa son karatu, su ne suke ɓoye littafi a ƙarƙashin katifa suna karantawa da tocila. Yau kasuwar ta koma WhatsApp da Wattpad da Facebook, da tashoshin da ake karanta labari a saurara. Ƙishirwar tana nan. Abin da ya rage shi ne mu san girmanta, da su wa take damu, da shekarar da take fara mutuwa a zuciyar waɗanda ta mutu.

Akwai wani abu kuma da takardar da aka tsara a Amurka ba za ta gani ba. Yaronmu ba a makarantar boko kaɗai yake haɗuwa da rubutu ba. Da asuba yana makarantar allo, da yamma yana Islamiyya, yana biya Ahalari ko Ishmawi ko Arba'una Hadisi, wani yana karanta waƙoƙin wa'azi da ajami. Akwai almajirin da zai zauna shi kaɗai yana tilawa sa'a biyu ba wanda ya sa shi, a kai shi ajin boko a ce masa ba ya son karatu. Duk awon da ya rufe ido ga wannan zai ba mu hoton ƙarya. Dole tambayoyin su zama namu, a rubuta su da Hausa tun daga tushe, su tambayi yaro a wane rubutu ya fi sakewa, boko ko ajami ko Larabci ko Turanci, kuma a ƙananan hukumomin da ake da Fulani a tanadi mai yi musu da Fulatanci.

Ga inda nake jin tsoro, ranka ya daɗe, kuma ina roƙon a kula da shi sosai. Ɗan Bahaushe an tarbiyyantar da shi da kunya da girmama na gaba. Idan malaminsa ya tsaya a kansa ya ce, kana son karatu? Amsa ɗaya ce: e, Malam. Wane yaro ne zai dubi idon babba ya ce ba ya so? In aka yi haka za a dawo maka da rahoto mai cewa kusan duk yaran Kano suna ƙaunar littafi, a yi tafi, a ajiye. Saboda haka kada a sa yaro ya rubuta sunansa, kada malamin ajinsa ya zama mai tambayar, 'yan mata kuma mace ta zauna da su. A faɗa musu tun farko cewa wannan ba jarrabawa ba ce, ba ci ba faɗuwa. Tambayoyin su fi karkata ga abin da yaro ya aikata da abin da yake ji a wani yanayi da ya sani. Mene ne abu na ƙarshe da ka karanta ba don an sa ka ba? Idan Malam ya ce ka tashi ka karanta a gaban aji, me kake ji a ƙirjinka? A gidanku wa kake gani da littafi a hannu? Ban da na makaranta da na addini, akwai littafi a ɗakinku? Da za a kai ka kantin littattafai a ce ka zaɓi ɗaya, na me za ka ɗauka: tatsuniya, tarihi, dabbobi, ƙwallo, yadda ake gyaran waya, labarin jarumai? Ga ƙanana, zanen fuskoki huɗu ya wadatar, mai zane na bakin kasuwa zai yi shi. Sannan a zaɓi yara kaɗan a kowace makaranta a yi hira da su a natse, domin abin da yaro zai faɗa cikin hira ta minti goma ya fi abin da zai zagaye a takarda.

Babban sharaɗi shi ne kada sakamakon ya zama sandar dukan malami ko ma'aunin jera makarantu daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe. Ranar da hedimasta ya gane cewa ƙarin girmansa ya rataya a kan amsar yara, ranar za a tara su a filin asambuli a koya musu fuskar da za su zagaye. Daga nan aikin ya mutu.

Ba sai an shiga kowace makaranta ba. A zaɓi wasu daga ƙananan hukumomi 44, birni da ƙauye, daga Dala da Fagge zuwa Doguwa da Sumaila da Ɗambatta da Gwarzo, a haɗa da Islamiyyu da makarantun tsangaya da masu zaman kansu. A ɗauki 'yan aji uku, da 'yan aji shida, da 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare, a maimaita duk shekara a zango ɗaya, domin a ga inda layin yake karyewa. Masu aikin suna nan a gida. Jami'ar Bayero tana da cibiyar bincike da bunƙasa karatu ta ƙasa, wadda aka kafa a 2017 da haɗin gwiwar Jami'ar Jihar Fulorida ta Amurka, aikinta ke nan. Ma'aikatarka tana da sashen KERD, ga hukumar SUBEB da jami'anta masu zagaya makarantu. Ɗaliban makarantar Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso da sauran masu koyon malanta suna fita aikin koyarwa na gwaji kowace shekara. Horon kwana biyu ya ishe su su gudanar da tambayoyin, su kuma su fita da darasin da zai bi su har ƙarshen aikinsu, wato malami yana tambayar ɗalibi abin da ke ransa.

Na san abin da wasu za su ce. Yaran da ba su iya haɗa baƙi da wasali ba, suna zaune a ƙasa, ina su ina zancen sha'awa? A fara koya musu tukuna. Maganarsu tana da ƙafa, ba zan ɓoye ba. Wani bincike da Elsje van Bergen ta jagoranta a kan dubban tagwaye 'yan shekara bakwai a ƙasar Holan, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna cewa a farkon tafiya iyawa ce take jawo yawan karatu, fiye da yadda yawan karatu yake jawo iyawa. Ba wanda yake son abin da yake wahalar da shi kullum. Don haka ko kusa ban ce a rage koyar da haruffa da gaɓoɓi ba, a ƙara ma. Abin da nake cewa shi ne a yi awon biyu tare, a kan yaro ɗaya, a rana ɗaya. A nan ne za a ga yara nawa ne suka iya amma suka juya baya, nawa ne suke so amma suka kasa, kuma wace irin koyarwa ce take fitar da yaron da ya iya kuma yake so. Ana iya koya wa yaro karatu da tsawa da dorina har ya iya, ya kuma tsani littafi har ya mutu. Na ga irinsu da yawa, wasu yanzu manyan ma'aikata ne, rabonsu da gama littafi tun jarrabawar ƙarshe. Gwamnati ba don wannan take kashe kuɗinta ba.

Tambaya kuma tana ɗora nauyi. In ka tambayi yaro wane littafi yake so, ya faɗa maka, ka tafi ba ka dawo ba, ka koya masa cewa maganarsa ba ta da amfani. Ina kyautata zaton abu na farko da awon zai tono shi ne yara da yawa ba su taɓa riƙe littafin da ba na darasi ba. A makarantu da dama littattafan da aka raba suna kulle a kabad ɗin ofis, ana tsoron kada su yage a tuhumi mai ajiya. A fito da doka a rubuce cewa littafin da ya tsufa a hannun yara ba asara ba ne, wanda ya shekara a cikin leda shi ne abin tuhuma. A sa akwatin littattafai a kowane aji, da rajistar aro wadda ɗalibi zai riƙe. Wannan rajista ita kanta ma'auni ce da ba ta ƙarya, domin tana nuna abin da yara suka ɗauka da hannunsu, da wanda suke rububi, da wanda ba mai taɓawa. A ware minti 20 a jadawali wanda kowa zai yi shiru ya karanta abin da ya zaɓa, har da malamin, ba tambaya a ƙarshe, ba maki. A ƙananan azuzuwa malami ya riƙa karanta musu labari da murya mai daɗi, kamar yadda kakanninmu suke yi mana tatsuniya. Laburaren Murtala Muhammad da rassan hukumar laburare na ƙananan hukumomi su san cewa 'yan firamare ma baƙinsu ne.

Sai babban giɓi, wanda duk malamin Hausa ya san shi. Muna da littattafan koyon haruffa, muna da labaran manya, amma tsakanin shekara 8 da 14 kusan fili ne fetal. Yaron da ya gama Mu Karanta ko makamancinsa, in ya waiwaya, Magana Jari Ce zai gani da Ruwan Bagaja da Iliya Ɗan Maiƙarfi, waɗanda kakansa ya karanta. Suna da daɗi har gobe, amma ba za su ɗauki nauyin miliyoyin yara su kaɗai ba. Mu tuna yadda aka same su. A farkon shekarun 1930 an sami mutanen da suka koyi boko amma ba abin karantawa, sai Hukumar Talifi ta Zariya a ƙarƙashin Rupert East ta sa gasa a 1933. Daga ita aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Gasa guda ta ciyar da makarantun Arewa shekara casa'in. Marubuta kuwa yanzu sun fi na wancan zamani yawa nesa ba kusa ba. Gasar Hikayata da BBC Hausa take shiryawa tun 2016 ta isa shaida, ga reshen ƙungiyar marubuta ta ANA a nan Kano, ga ƙungiyoyin marubutan intanet. Idan awon ya nuna 'yan aji biyar na Sumaila labarin dabbobi da farauta suke so, 'yan matan Fagge kuma labarin 'yan makaranta irinsu, sai ma'aikata ta sa gasa a kan haka, masana tarbiyya su tace, a buga, a saya, a zuba a akwatunan aji. Marubuci ya sami kasuwa mai tsafta, yaro ya sami abin da ya roƙa da bakinsa.

Mai Girma Kwamishina, ga roƙona a taƙaice. Kafin wannan shekarar karatu ta ƙare, ka kira cibiyar karatu ta Jami'ar Bayero da KERD da SUBEB da wasu malaman aji su zauna su tsara tambayoyin da Hausa, a gwada su a makarantu kaɗan na birni da ƙauye, a gyara, sannan a faɗaɗa. Abin da aka samu, mai daɗi ko marar daɗi, a karanta shi a gidajen rediyo da Hausa domin iyaye su ji, a kuma sa kuɗin littattafan aji a kasafin shekara mai zuwa. Mu malaman aji a shirye muke, in aka kira mu za mu zo.

Allah Ya taimake ka, Ya shirya mana zuri'a. Wassalam.

Naka mai fatan alheri,
Wani malamin Hausa,
Kano.